Maɓallin Tafiya Salla

Idan aka tambaye ni dalilin da ya sa na bar rubuta manhaja na koma sayar da kayan gyaran kwamfuta, cewa nake ido ne. Ba ƙarya nake yi ba, idon ya gaji. Amma gajiyar ta riga idon zuwa, kuma na san inda ta soma. A ɗakin ajiya ne na wani shagon intanet a Sabon Gari, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki sun bar wa farar hula mulki. Lokacin kowa cewa yake ƙasa ta buɗe. Duk wanda ya samu ɗaki da janareto da kwamfutocin gwanjo sai ya kafa allo a ƙofa, mutane su yi layi don su aika wasiƙa ƙasar waje.

Mu biyu muka rubuta manhajar da take tafiyar da shagon, ni da abokina. Ni ɗan Fagge ne. Shi kuwa a Sabon Gari aka haife shi, iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, Kirista ne, har waƙa yake yi a cocinsu. A kwaleji muka haɗu. Hausarsa ta titi ce, ya fi ni iya zagi nesa ba kusa ba, in ya tsokani ɗan acaɓa sai ka riƙe ciki. Yana ce mini Malam in yana son ya ja ni da wasa, ni kuma in ce masa Fasto. Sauran lokuta duk "mutumina" ne.

Mun raba aikin gida biyu. Shi ne mai fuska, wato duk abin da ido yake gani a allo, maɓallai da launi da rubutu. Ni ne mai ƙarƙashi. Na rubuta abin da ake kira laburare, wani ƙunshin aiki da ba ya tashi da kansa, sai wata manhaja ta ɗauke shi ta yi amfani da shi. Laburaren nawa shi ne yake sa babbar kwamfutar teburin gaba ta yi magana da ƙananan da kwastomomi suke zama a kai. Kowace ƙarama takan aiko da tambaya a kai a kai: ina nan, in ci gaba? Babbar ta ce ci gaba. Idan ƙaramar ta yi tambaya ta ji shiru ya yi yawa, sai ta ɗauka an zare waya don a saci lokaci, ta kulle allonta. Ni na tsara haka, kuma ina alfahari da shi.

Tebur ɗaya muke da shi a ɗakin ajiyar nan, kibod ɗaya, kujeru biyu, janareto yana ruri a bayan bango. Dole mu zauna tare, domin ba wanda zai taɓa nasa ɓangaren bai shafi na ɗan'uwansa ba. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ta daɗe tana ba ni haushi. Da an kira salla na miƙe, sai ya ture kibod ya harɗe hannuwa. Ko muna tsakiyar layi ne, ko abu ya kusa fitowa, ba zai taɓa ba sai na dawo. Na sha ce masa, "Haba Fasto, ci gaba mana, ai ba da kibod ɗin zan tafi masallaci ba." Sai ya ce a gidansu idan babansu ya durƙusa addu'a ko tsintsiya ba a ɗagawa. Aikin mutum biyu ne, in ɗaya yana gaban Allah, ɗayan ya jira. In na dawo sai in same shi yadda na bar shi, wani lokacin har ya fara gyangyaɗi.

Dole in ɗan yi bayanin cikin aikin, don a nan abin ya ɓuya. Ƙofar da kwamfuta take magana da 'yar'uwarta ta cikin waya ana ce mata soket. Kana iya tsayawa a bakinta ka yi ta jira har saƙo ya zo, amma fa ba za ka yi komai ba sai jiran. Ko kuwa ka ce wa tsarin kwamfutar, in wani abu ya zo ka sanar da ni, ka tafi harkarka. Wannan na biyun na zaɓa, don mutum ɗaya ba zai tsaya a bakin ƙofofi da yawa a lokaci guda ba. To amma sanarwar ba a hannu ake ba ka ba. Taga ake jefa wa ita, irin tagogin nan da manhaja take buɗewa a allo. Laburare kuwa ba shi da taga, don haka na ƙirƙiri wata ɓoyayyiya wadda ido ba ya gani. Saura abu ɗaya: saƙon da aka jefa ba ya isa taga da ƙafarsa. Layi yake shiga, sai manhaja ta yi ta zagaye, ta ɗauko na gaba, ta duba na wane ne, ta miƙa masa, ta koma ta ɗauko wani. Wannan zagayen manhajar abokina ce take yin sa. Ni ɗan haya ne a gidansa, ba ni da ƙofar kaina. Duk mai nemana ta zaurensa zai yi sallama, shi zai amsa ya leƙo ya ce ana kira. Muddin yana zagayawa, lafiya lau, kuma manhaja mai fuska ai ba ta daina zagaye.

Wata da watanni abin yana tafiya sumul. Sai rana ɗaya na dawo daga sallar azahar na tarar shago ya kaure. Wani mai sayar da kayan gyaran mota ya daɗe yana buga odar kaya da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, yana gab da aikawa allo ya kulle, abin da ya rubuta duk ya tafi. Ba shi kaɗai ba, duk shagon ne. Kafin in ajiye takalmi kuma komai ya dawo daidai, kamar ba a yi ba. Na duba waya, na duba janareto, ban ga komai ba. Na ce wuta ce ta yi rawa, a yi haƙuri.

Da la'asar ya sake. Washegari ma haka, azahar da la'asar da magariba. Ba a daɗe ba wani mai ido ya lura cewa da an ji kiran salla daga tsallaken titi, ta ɓangaren Fagge, ba a jimawa allo zai kulle. Shi ke nan, magana ta fita. Ɗan Faggen nan ya sa shari'a a cikin kwamfuta. Yana so ya tilasta wa mutanen Sabon Gari su tsaya in Musulmi suna salla. Ga shaida ma, duk lokacin da abin zai faru ba ya nan, sai ya sulale.

Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi. A lokacin ba abin dariya ba ne. Gari yana zaman ɗar-ɗar, maganar shari'a ta cika kowace majalisa da kowane coci, mutum ɗaya in ya ruga a kasuwa sai ka ga ana ta jan ƙofofi, ba wanda ya tsaya tambayar me ya faru. Ni kuma kullum sai na ratsa titin nan a kan babur, in shiga unguwar da aka fara bina da kallo. Mai sayar da burodin da muke gaisawa ya koma amsa mini a daƙile.

Mai shagon, wadda duk muke kira Madam, tsohuwar malamar firamare ce, ba ta da hayaniya. Ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, ni ban ce kai ne ba. Amma kwastoma sun ce, kuma su suke zama a kujerun nan. Ku gyara, in ba haka ba zan sa a kawo mini wata manhajar daga Legas." Na ce to, Madam. Wallahi maganarta ba ta dame ni ba. Ta kawo daga Legas, ta kawo daga birnin Sin ma in ta ga dama. Mutum ɗaya ne a duk Sabon Gari nake so ya san ba ni ba ne ba tare da na rantse masa ba.

A wurin cin abinci abokin nawa ya yi mini tambayar. Muna da al'ada, yau mu ci teba da miyar agushi a unguwarsu, gobe mu tsallaka Fagge mu ci ɗanwake. Ranar ta ɗanwake ce. Ya yi ta juya cokali, ba tsokana, ba zagin kowa. Can ya ce, "Mutumina, tsakanina da kai. Ko da wasa, ko don gwaji, ba ka sa wani abu na lokacin salla a laburaren nan ba? Ka san ni ba na ganin cikinsa."

Gaskiya ya faɗa, ba ya gani. A dunƙule nake ba shi laburaren, kuma yaren da nake rubutu da shi ba nasa ba ne. Amma ni a lokacin ba gaskiyar na ji ba, tambayar na ji. Na ajiye cokali na ce, "Ni kake tambaya? Ni? Ni da uwarka take zuba wa miya da hannunta?" Ya ce ba haka yake nufi ba, mutane ne suka dame shi, har a coci an tare shi, yana so ne ya samu abin da zai gaya musu da ƙarfin gwiwa. Na ce, "Da ba ka da ƙarfin gwiwar ke nan sai na rantse." Na tashi na bar masa ɗanwaken, na hau babur. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Muna zaune a tebur ɗaya, kafaɗa tana gogar kafaɗa, magana ba ta wuce "matsa" da "ba ni kibod". Na sauya wayoyi. Na hau silin na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sauko da yanar gizo-gizo a gemu. Na zargi zafi na sa aka ƙara fanka. Na zargi janareto, na yi faɗa da mai gyaransa a banza. Na karanta laburaren nan daga farko zuwa ƙarshe har layukan suka fara yi mini iyo a ido, ba agogo a ciki, ba kalanda, ba abin da ya san rana ta yi tsaka balle ta karkata. Duk da haka ana kiran salla ina miƙewa, shi kuma yana harɗe hannuwansa yadda ya saba, ko da ba ma shiri. In dawo in tarar da masu zagi.

Sai da na gaji tilis sannan abin da yake a fili ya faɗo mini: ni fa ban taɓa ganin matsalar da idona ba. Kullum labari nake tararwa. Masu zargina sun fi ni gaskiya a nan, lallai ba na nan in abin zai faru.

Akwai dattijon da yake zama a teburin gaba, mutumin Kwaciri, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, muna ce masa Baba. Shi yake buɗe wa kwastoma kwamfuta ya rufe. Tare muke tafiya masallaci kullum, nakan riga shi fita in jira shi a bakin titi. Rannan da aka kira la'asar na ce, "Baba, yi gaba, zan biyo ka." Na jawo kujera na zauna a tsakiyar shago. Kwastomomi suna ta satar kallona, na ji wani yana cewa yau dai bai gudu ba, bari mu gani.

Baba ya naɗe hannun riga, ya tura hula baya, ya ɗauki butarsa. Har ya taka, sai ya juyo ya miƙa yatsa ya danna wani maɓalli a can kusurwar kibod. Allon babbar kwamfutar ya koma kore, da rubutu manya-manya a tsakiya: AN TAFI SALLA, A YI HAKURI. Ya fita abinsa. Ina zaune ina kallo, ba a jima ba ta kusa da ƙofa ta kulle, sai ta gefenta, sai sauran. Ihu ya tashi. Ni kuwa ko motsi ban yi ba, rubutun nake kallo. Na san wanda ba ya sa wa harafin ƙa ƙugiya in yana rubuta haƙuri, abokina ne.

Da Baba ya dawo ya buga kalmar sirri komai ya farfaɗo, na tambaye shi wa ya ba shi wannan maɓalli. Ya ce, "Abokinka mana, Allah ya yi masa albarka." Ashe Madam ta yi ƙorafin yana barin tebur a buɗe in ya tafi salla, wani zai iya zagayowa ya ƙara wa kansa lokaci, har ta fara maganar kawo wanda ba ya tashi. Abokina ya ji, ya ce wa Baba kada ya damu. Ya yi masa maɓallin da zai kulle teburin, ya ce kada ya gaya wa kowa, don kada maganar ta sake tashi. Baba ya riƙe amana, bai kuwa taɓa kawo wa ransa cewa maɓallin yana da alaƙa da hayaniyar da yake tararwa ba. Ya ce, "Ni dai na ga yaran nan ba su da haƙuri ne."

Na je na yi sallata, na dawo na shiga ɗakin ajiya. Yana zaune hannu a harɗe. Na ce, "Buɗe mini inda ka rubuta maɓallin Baba." Ya kalle ni, ya buɗe. Layuka kaɗan ne. Ya ce wa manhajar, in an danna, ki rufe fuska, ki kwanta, kada ki saurari kowa, ki riƙa leƙa kibod kawai har a buga kalmar sirri. Ya tsayar da zagayen ɗungurungum. Mai gida ya ja ƙofar zaure ya kwanta, ɗan haya yana ciki, masu sallama suna ta yi a waje har su gaji. Ƙananan kwamfutocin suna tambaya in ci gaba, saƙonsu yana taruwa a layi, ba mai ɗauka.

Na nuna masa da yatsa na yi masa bayani. Ya ɗora hannu biyu a ka, ya ambaci Allah da yarensu. Ya ce shi a kan kwamfuta ɗaya ya gwada, ba kowa a haɗe da ita, ya ga ta kulle ta buɗe lafiya. A tunaninsa fuska kawai ya rufe, maganar waya ai ɓangarena ce. Na ce, "To me ya sa sai ka kwantar da ita gaba ɗaya? Ai da ka rufe allon ka bar ta tana zagaye." Ya ce, "Ban sani ba. Na ga an tafi salla ne, sai na ce komai ya tsaya."

Ya ce, "Mutumina, ka yi haƙuri. Wallahi ka yi haƙuri." Shi da ba ya rantsuwa irin tamu. Ya miƙe zai je ya gaya wa Madam da duk wanda yake shagon cewa shi ne. Na ce ya zauna. In ya faɗa, maganar Baba ta dawo sabuwa, shi kuma mutanensu su ce ashe da ɗan gida aka haɗa baki. A ce matsalar na'ura ce, an gano ta, shi ke nan. Ya zauna. Ya jawo kibod da sauri ya ce layi ɗaya ne gyaran, zai sa ta riƙa zagayawa tana raba saƙo ko tana kulle, kafin magariba an gama.

Na ce a'a.

Na ce yau maɓallin Baba ne. Gobe za ka sa ta buga takarda ta tsaya jiran firinta, jibi ta tsaya karanta faifan da ya lalace, kowane lokaci ni za a zaga. Laburaren da ya dogara da zagayen mai ɗaukarsa bai cika laburare ba. Zan ba shi zarensa na kansa, wato hanyar aiki daban da take gudana a gefe, da tagarsa a kan zaren, da zagayensa. Ka yi barci, ka farka, ka mutu ma in ka so, saƙona zai iso. Haka na faɗa, har da "ka mutu ma". Ya kalli allo ya ce, "Gaskiya ne. Haka ya fi." Ya sa layin nasa na wucin gadi don a samu lafiya a shago, ni kuma na kwashi kayana.

A gida na yi aikin, a ɗakina na Fagge, tunda ba ya buƙatar kowa. Na sha wuya ba kaɗan ba. Na fara tayar da zaren tun a lokacin da ake ɗora laburaren, sai komai ya sandare, kowa yana jiran kowa. Sai da na raina kaina kafin na gane dole a bari a gama ɗorawa, sannan a kira shi daban a ce ya tashi. Na gyara wannan, sai rufewa ta zama bala'i: manhaja ta tafi, zare yana nan yana zagaye a gidan da aka rushe, kwamfuta ta faɗi. Dole na koya masa sallama, a aika masa saƙon tsayawa, a jira ya rufe soket ɗinsa ya rushe tagarsa, sannan a tafi. Sai kuma babbar matsalar, ba dama zarena ya taɓa kayan manhajarsa kai tsaye, in ya taɓa sai ta haukace. Don haka na sa laburaren ya riƙa amsa wa ƙananan kwamfutoci da kansa, sauran saƙonni kuma ya tara su a nasa layin, mai fuska ya zo ya ɗiba duk sanda ya ga dama. Kaina ya yi ta ciwo, wuta tana ɗaukewa ina sake farawa, bayana ya ƙage.

Sau ɗaya abokina ya zo. Na ji sallamarsa a zaure da hantsi, Inna ta aika masa da fura, don tana son sa, takan ce yaron nan ya fi ni ladabi. Ya shigo ya zauna a bakin katifa ya ce ko akwai abin da zai taya ni. Na duba da gaske, na rasa. Ba abin da zai taya ni, aikin ne ma na raba mu. Na ce babu, sauran kaɗan. Ya sha furarsa, ya yi wa Inna godiya, ya tafi.

Har gobe ban ce na yi kuskure ba. Duk wanda ya san aikin nan ka tambaye shi, zai ce maka abin da na yi shi ne daidai, layi ɗayan nan faci ne kawai. Laburaren ya yi shekaru yana aiki, a shagon Madam da wasu shagunan, har bayan abokina ya tattara ya koma kudu da iyalinsa, har bayan wayar hannu ta kashe shagunan gaba ɗaya. Bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne, daga ranar ba sauran dalilin zama a tebur ɗaya. In na yi gyara sai in ba shi a faifai, in ya yi nasa ba sai na sani ba.

Ranar gwaji, da la'asar aka yi. Na sa ya cire facinsa, ya mayar da maɓallin yadda yake tun farko, mai kwantar da komai, don in tabbatar. Shago a cike. Aka kira salla, Baba ya naɗe hannun riga, ya ɗauki buta, ya danna. Allo ya yi kore. Muka tsaya ni da shi a bakin ɗakin ajiya muna kallo. Mai kayan motar nan yana nan yana bugawa da yatsa ɗaya. Muka jira, muka ƙara jira, ba wadda ta kulle. Madam ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, ta ce, "Ɗana, sannu." Kwastomomi ko ɗagowa ba su yi ba, sun riga sun manta da ni.

Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya yi, mutumina. Yanzu ko na yi barci ba ruwanka."

Na ce, "Ba ruwana."

Na bi bayan Baba da sauri don kada in rasa jam'i. A masallaci zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce a raina abin ya isa haka, ya ba da haƙuri, ni ma na huce. Yau ranar teba ce, in na koma zan ce masa Fasto tashi mu je, yunwa nake ji. Har na shirya tsokanar da zan yi masa a kan ƙa ɗin da ba ƙugiya.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin ajiya na jiyo ƙarar kibod. Yana zaune ya sunkuya, yana ta bugawa, hannuwan nan da na saba tararwa a harɗe suna ta gudu. Bai ɗago ba ya ce, "Ka dawo? Na ci gaba, na ga ba sai an jira ba."

Na ce, "Ai kuwa."

Na duba inda zan zauna. Ya ɗora kwalin takardun firinta a kan kujerata.